Wasiƙar Injiniya da Irin Iya Baraka

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Wasiƙu goma sha ɗaya yanzu a akwatina, duk rubutun hannun injiniyoyin da suka haƙa mana kanal ɗin ban ruwa. Kubra ta ce da buhun taki na ajiye da ya fi. Matata ce, amma tarihi bai dame ta ba.

Saura ta marigayi Injiniya Muhammadu Sani, wanda ya ƙirƙiro sakatar ƙofar ruwan nan da ake buɗewa da hannu ɗaya. An ce ya rubuta wa marigayi Tambaya mai gadin ƙofar, har da zane. Tana hannun matar Tambaya, Iya Baraka, a Bunkure.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na ga wasiƙar. Sai da na nemi wuri na zauna. Iya ta matse tumatir ta shanya irin a kanta. Ya bushe ya manne, tun daga “Bayan gaisuwa” har kan zanen. Wai takardar zamanin da ta fi ta yanzu shan ruwa.

Na ce, “Iya, a ba ni in kankare.” Ta ce sam. Irin mijinta ne, iyakar abin da ya rage ke nan, kuma kankara fasa shi take yi. Da takardar ake yayyagawa a binne a fangalin renon iri, haka Tambaya yake yi. Binne wasiƙar 1978, jama'a.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Na kasa cin tuwo. Kubra ta ci nata da nawa.

Litinin, 14 ga Oktoba
Na kai mata sabon iri daga Kadawa a yi musaya. Ta shinshina ta miƙo min: “Wannan ba ya miya, ɗana.” Da na nace ta ara min wasiƙar kwana biyar. “Amana ce. Ƙwaya ɗaya ta faɗi, Allah na gani.”

Talata, 15 ga Oktoba
Allah Ya yafe min, na sa reza. Ƙwaya ɗaya tak. Ta fashe, ta kuma tafi da tawadar. Biyu babu.

Sai na ɗaga takardar a rana na karanta ta tsakanin irin. Bayanin sakata layi uku ne kawai. A ƙarshe ya ce: “A gaishe da Baraka. Tumatirin nan nata ban taɓa cin irinsa ba. A ajiye min iri.”

Kubra ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kunya ce ta kama ni.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na kwafe ta da hannuna. Zanen sakatar ya fito kamar kaza. Na mayar, na faɗi gaskiyar ƙwayar. Iya ta harare ni, sannan ta yayyaga wasiƙar a gabana ta binne. Ni dai na ƙura wa kanal ido.

Asabar, 2 ga Nuwamba
Ya tsiro. Zuwana Bunkure huɗu a satin nan. Kubra ta ce ko noman rani na fara. Na ce wasiƙata nake dubawa. Wajen da aka binne sa hannun Injiniya ya fi ko'ina kore, na tabbata.

Iya ta ce za ta ba ni dashe ashirin. Na gaya mata ni ba manomi ba ne. Na dai kafta ɗan filin gefen rijiya, don ciyawa ta yi yawa.