Abin da Ban Tambaya Ba

Litinin, 14 ga Oktoba
Yau ma a zaune uwar Ja'afar ta yi sallah. Mako uku ke nan. Na ce mi ya same ki, ta ce ciwon mata ne. Shekara hamsin da biyu da aurenmu, ban taɓa tambayarta abin da ke ƙasan cibiya ba.

Laraba, 16
Zazzaɓi. Ba ta ci komai ba. Humaira maƙwabciyarmu ta ce kullum tana gasa mara da ruwan zafi, tana shan kunun kanwa kamar mai jego. Kowa ya sani sai ni.

Alhamis, 17
Asibitin Argungu sun turo mu Birnin Kebbi. An ɗauki hoton ciki. Likita ta ce ƙurji ne a ƙasan mara, cike da mugunya, ya fara tsiyaya cikin ciki, yana neman shiga jini. Ta ce, "Baba, yaushe ya soma? Akwai abin da ke fita?" Ni da na koyar a firamare shekara talatin, na tsaya kamar ɗalibin da bai yi karatu ba.

Juma'a, 18
Na sa hannu a takardar aiki. Sau biyu alƙalami ya faɗi. Ja'afar yana Legas, wayarsa ba ta shiga.
Ya Allah, kada ka ɗauke ta ka bar ni a gidan nan da kujera biyu.

Lahadi, 20
An yi aikin. Roba ta fito daga cikinta zuwa wata leda. Zafin jikin bai sauka ba. Likita ta ce da mun zo da wuri. Ba ta ƙarasa ba.

Talata, 22
Ba ta gane mutane. Nas ta ce, "Baba, kira sunanta, za ta fi jin muryarka." Matar fari ce, bakina bai saba ba. Na duba hagu da dama, sannan na sunkuya, na ce, "Abu."
Ta buɗe ido kaɗan, ta ce, "Malam, gaban mutane?"

Laraba, 23
Zazzaɓin yana nan. Na duba ledar da kaina, ruwan ya fara haske. Na tambaye ta ina ke ciwo, ta ɗauki hannuna ta ɗora a wurin.
Abu ta sha koko cokali huɗu.