Hayaƙin da ke Bi ta Tagar Inna

Kebbe, 4 ga Maris, 2024

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Zulfa da yara. Sau biyu kana katse mini waya a tsakiyar magana, shi ya sa na ba Na'iya direba wannan takarda ya miƙa maka hannu da hannu.

Ranar Alhamis na zo Tambuwal duba Inna kana wurin aiki. Na same ta tana tari har sai ta dafa bango, idanunta jajur. Ɗakinta wari yake kamar an ƙona taya. Na bi warin har bayan gida, na ga mesar da ka fiddo daga ɗakin injinka, bakinta bai fi taku fuɗu da tagar Inna ba.

Na san kana ji da injin nan na lesa, mai ƙona zane a jikin katako da fata da zafin haske. Ba sana'arka ba ce, sha'awa ce. Uwarmu kuwa shekararta saba'in da uku. Shekara goma sha biyu ina aikin jinya, na san tarin mura, kuma wannan ba shi ba ne. Ka kashe abin nan.

Ka gaishe da mutanen gida. Wassalam.

Ƙanwarka, Mu'minatu

Tambuwal, 8 ga Maris

Mu'minatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka, ke da maigidanki Malam Jumare.

Na karanta takardarki, na ga har kin gama bincike kin yanke hukunci a ziyarar awa biyu. Inna ta fi shekara hamsin tana hura itace a murhu. Wannan hayaƙin bai dame ki ba sai na ɗan injin da nika kunnawa bayan la'asar. Mesar da kinka gani ai don fitar da hayaƙi waje na sa ta. Wanda bai damu ba ba ya sa mesa.

Ni nike kwana gida ɗaya da Inna. Ni nika kai ta asibiti a babur, ni nika tuna mata maganin hawan jini. Ke kina zuwa da ledar lemo sau uku a shekara ki koma. Shekara ashirin da biyu ina zaune a bayan tebur a sakatariya, abu ɗaya tak na samu da ke faranta mini rai, shi kike so in kashe. Inna da kanta ta yi murna da na zana mata sunanta a marfin ƙwarya.

Tarin zai wuce in sanyi ya gama fita. Ki huta lafiya.

Yayanki, Sirajo

Kebbe, 13 ga Maris

Sirajo,

Salamu alaikum. Kafin wannan ta same ka, ka riga ka tarar da ɗakin Inna a kulle. Tana wurina. Na zo da mota da hantsi na ɗauke ta, kuma kada ka ga laifin Zulfa, ta roƙe ni in jira ka na ƙi.

A hanya, tsakanin Tambuwal da Kebbe, sau uku muna tsayawa don ta samu numfashi. Ka ce kai ke kwana gida ɗaya da ita. To me ya sa ba ka san ta daina sallah a tsaye ba tun watan jiya? Zulfa ta sani. Ta ce tsoron faɗa maka take yi, don da an ambaci injin sai ka ɗaure fuska.

Inna ba za ta koma gidan nan ba muddin yana aiki. Wassalam.

Mu'minatu

Tambuwal, 15 ga Maris

Mu'minatu,

Amin, wa alaikumus salam. Na ga har "Yaya" ta faɗi daga bakin alƙalaminki. Ba komai.

Na dawo aiki na tarar da maƙwabta tsaye a ƙofar gida suna tambayata ko lafiya anka fita da Inna da kayanta a ɗaure. Liman ya tare ni bayan magariba ya ce, "Sirajo, me ka yi wa tsohuwa?" Kin ɗauke uwata daga gidan da mahaifinmu ya bar ta, kamar mai ƙwato wani daga hannun azzalumi. Ko kira ɗaya ba ki yi mini ba. Wannan ba zan mance da shi ba.

Don in rufe miki baki, na haɗa matatar hayaƙi. Na samu ƙaramar durom, na jera soso a ƙasa, na zuba dakakken gawayi a sama, na sa fanka tana jan hayaƙin ta cikinsu. Warin ya ragu. Ki maido da Inna ranar Litinin. Umurni ne, in har yanzu ina da iko a kanki.

Sirajo

Kebbe, 26 ga Maris

Sirajo,

Salamu alaikum. Litinin biyu sun wuce, ka kuma ga ban kawo ta ba.

Yau kwananta goma sha uku a nan. Tun shekaranjiya take sallah a tsaye. Tana cin tuwo, tana barci ba tare da an tokare mata baya da matashi ba. Murhuna ma na itace ne, kuma kusa da shi take wuni, don haka ka nemi wata hujjar.

Likitan da ya duba ƙirjinta ya tambaye ni, "Me ake ƙonawa a gidan da take?" Na ce katako da fata. Ya ce, "Ki sake tambaya." To ina tambaya. Me kake sa wa injin nan? Gawayin dafa shayi da soson katifa na iya rage wari, amma hancinka ba ma'auni ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har yanzu kai take karewa. Jiya ta ce da ni, "Ki bar ɗaga wa yayanki murya a takarda, bai yi da gangan ba." Ni da na kwashe ta ni ce mai laifi. Kullum da la'asar sai ta tambaya ko Na'iya ya zo da saƙonka.

Mu'minatu

Tambuwal, 3 ga Afrilu

Mu'minatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaida Inna da kyau, ina gaida Malam Jumare.

Na yi jinkirin amsa don ban so rubuta abin da zan rubuta ba.

Ranar Lahadi na buɗe injin zan share shi. Duk ƙusoshin ciki sun yi tsatsa, har da sandar da kan injin ke gudu a kanta, alhali wata bakwai ke nan da sayensa kuma ruwa bai taɓa shi ba. Na kira Malam Atiku, abokina mai koyar da kimiyya a sakandare. Ya ɗauki guntun abin da nika yankawa ya shinshina, ya ce, "Wannan ai ba fata ba ce, ledar kujera ce, roba ce zalla. In ta ƙone, iskar da take fitarwa ita ta ci maka ƙarfe. Durom ɗinka ba ta tare ta." Sannan ya tambaye ni ina hayaƙin ke fita. Na kai shi bayan gida. Ya dubi mesar, ya dubi tagar Inna.

Tun watan Disamba nika yanka ledar nan ina yi wa abokai maƙalin makulli. Wata uku Inna na shaƙar abin da ya ci ƙarfe, ni kuwa ina ciki ina jin daɗin yadda zane ke fita.

Na kwashe ledar duka daga gidan. Na mai da injin ɗakin ajiya da ke bakin gona, inda babu mai kwana. Malam Atiku ya samo mini gawayin tace iska na gaskiya daga Sakkwato, munka ɗaga bututu sama da rufi. Katako kaɗai zan riƙa sa masa. Na sa an wanke ɗakin Inna, an sake labule da katifa.

Kin yi gaskiya a kan hayaƙin. A kan yadda kinka ɗauke ta kuwa, ban canja magana ba, kuma ba ke nika roƙo ba. Ki karanta wa Inna wannan takarda duka, kada ki tsallake layi. Ki ce mata ina neman gafararta.

Allah ya ƙara mata lafiya.

Sirajo

Kebbe, 6 ga Afrilu

Yaya Sirajo,

Salamu alaikum. Na karanta mata, sau biyu, don ta ce in maimaita. Ta ce gafara ba a aiko ta da direba, ka zo da ƙafarka ka faɗa a gabanta, sannan ka ɗauke ta.

Ni ban so ta koma ba. Likita ya ce tarin ba lalle ne ya rabu da ita gaba ɗaya ba, kuma wannan ban faɗa mata ba. Kai za ka faɗa.

Ka zo ranar Talata. Malam Jumare zai tarbe ka a zaure ya shigo da kai. Ni na karɓi aikin safe a asibiti a ranar, ba za ka tarar da ni ba.

Wassalam.

Mu'minatu