Mai Tsaron Ƙofar Ruwa

Doka, Gadarif

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya Luba da yara? Ni lafiya lau, kada ki sa damuwa a ranki.

Na bar yankan riɗi, na samu aiki a hafiri, tafkin da ake tara ruwan damina. Hukuma ce ta ba da fili, wata sharika ta haƙa, ta zagaye shi da waya, za ta riƙe shi shekara ashirin. Ni ke tsaron ƙofa, marar tikiti ba ya shiga. Aikin ba wuya, har inuwa akwai.

Shekaranjiya wata tsohuwa Bahaushiya cikin waɗanda yaƙi ya koro daga garin Madani ta zo da 'yar jarkarta. Da ta ji Hausa a bakina sai ta ce, "Ɗana, ko na alwala ne." Mudir, wato manajan sharikar, yana tsaye a bayana. Ba ta da tikiti. Da Larabci na ba ta haƙuri, Inna. Ta sa mini albarka, ta juya.

Randar nan da kike cika wa masu wucewa a ƙofar gida, don Allah kada ki bari ta bushe.

Ɗanki,
Ibrahimu