Kwanona Bai Dawo Daga Gidan Umm Suhail Ba

Sitt Widad, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan gaya wa. In na gaya wa matan cocinmu, kafin a tashi daga addu'a maganar ta zaga Beit Jala. Sunayen mutane na sauya, sauran kuwa yadda ya faru ne.

Mijina, bari in kira shi Abu Bishara, masassaƙin itacen zaitun ne. Ya manyanta, kuma Allah ya yi shi da son baƙo da son magana. Kin san yadda 'yan jarida ke sauko mana duk gabanin Kirsimeti, su zo su duba Kiristoci nawa suka rage. Bana wata yarinya ce ta zo daga wani gidan talabijin na ƙasar waje, da mai ɗaukar hoto da tafinta. Yarinya mai ladabi, wallahi. Na dafa musu maƙluba, ta ci har da ƙari, ta sumbaci kumatuna da za ta tafi.

Shi kuwa mutumin nawa ya buɗe baki tun hantsi sai la'asar. Ya faɗi gonar zaitun ta mahaifinsa da katangar Isra'ila ta raba mu da ita. Ya faɗi tsayuwar shingen bincike da takardar izini a hannu. Ya faɗi 'ya'yanmu biyu da ke Chile da jikokin da ba sa jin Larabci. Ya faɗi Dakta Ronit, Bayahudiyar da ta yi masa aikin zuciya a Ƙudus, wadda har yau takan bugo waya ta yi masa faɗa kan sigari, ita ma kullum cikin fargaba take saboda ɗanta. Can sai yarinyar ta tambaye shi ko yana jin tsoron zama cikin Musulmi yanzu da muka zama 'yan tsiraru. Kin san mazanmu, baƙon da ya ci abincinka ba a ce masa ya yi kuskure. Sai ya ce, "Wa ba ya jin tsoro a ƙasar nan, 'yata?" Kuma don kada tambayarta ta tashi a banza, ya ba ta labarin filin ɗan baffansa da wasu masu ƙarfi cikin Musulmi suka cinye a shekarun baya. Labarin gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Daga nan ya hau da su soro, ya nuna musu koriyar ƙofar maƙwabcinmu Musulmi cikin alfahari, ya ce, "Gidan ɗan'uwana ke nan, Abu Suhail."

Da aka nuna rahoton, ba katanga, ba Dakta Ronit, ba kalmar ɗan'uwa. Fuskarsa ce kawai yana cewa wa ba ya jin tsoro, sai labarin fili, sai hoto ya matsa a hankali ya tsaya kan koriyar ƙofar, kiran salla na tashi a baya.

Sitt Widad, Abu Suhail ne ya goya mijina a bayansa ya kai shi mota ranar da zuciyarsa ta buga. Kullum da yamma suna buga dara a ƙofar shago, wannan na cewa "tsohon macuci, na ga hannunka," wancan na cewa "je ka sayi tabarau, makaho." Yanzu kujerar Abu Suhail tana nan ba kowa. Sun haɗu a gidan burodi, Abu Suhail ya ce masa, "Barka da safiya, maƙwabci," ya wuce. Bai taɓa kiransa maƙwabci ba sai ranar.

Da bikin Burbara ya zo, na waliyyiyarmu da muke yi a Disamba, na dafa alkama kamar kullum, da kirfa da zabibi da rumman, na cika kwanon tangaran mai shuɗin fure da na gada wurin mahaifiyata, na kai wa Umm Suhail, matar Abu Suhail. Ta karɓa a bakin ƙofa, ta yi godiya, idonta a ƙasa. Tun ina amarya kwanon nan ke kai da komo tsakaninmu, bai taɓa kwana biyu a gidanta ba, bai kuma taɓa dawowa wayam ba. Yau ana neman sati uku, shiru.

Ga wani shafin intanet na Isra'ila ya ɗora hoton mijina da kanun labarin da bai faɗa ba. Ga wata tashar tamu tana ta kira, wai ya fito ya ce katanga ce kaɗai damuwarmu, maganar fili ƙarya ce. Ɗanmu na Chile yana ta ihu a waya, wai a kai ƙara. Shi kuma tsohon ya rufe allon dara ya sa ƙarƙashin gado, abinci sai na yi da gaske. Ina tsoron zuciyarsa. Kirsimetinmu na Janairu ya ƙarato, kuma Abu Suhail ne ke fara ƙwanƙwasa mana ƙofa duk shekara. In bana bai zo ba, ban san yadda zan kalli mijina ba. Mu yarda da tashar nan ta biyu ko ta wanke mu?

Mai kallon koriyar ƙofa, Beit Jala

'Yar'uwata,

A'a, kada ku yarda. Tashar farko ta yanke rabin maganar mijinki, ta biyu kuma so take ta yanke ɗaya rabin, har ta ƙara masa da ƙaryata abin da ya san gaskiya ne. Tsoho mai ciwon zuciya ba zai ɗauki wannan ba, kuma Abu Suhail ba yaro ba ne, ya san labarin filin kamar yadda kuka sani.

A gidan jarida na tsufa, don haka zan gaya miki abin da na gani. Da wuya yarinyar nan ta zo da mugun nufi. Mai yiwuwa ta zo da labarinta a jaka tun daga gida, ta zaɓi abin da ya dace da shi, ko wani da bai taɓa cin maƙlubarki ba ya zaɓa mata. Ba a sa wa mijinki kalma a baki ba, amma ɗora kalmarsa kan ƙofar mutum zalunci ne, kuma kuna da haƙƙin faɗar haka. Ba ku kaɗai ba ne. Da za ki tambayi Dakta Ronit, za ta ce miki ba a nuna fargabarta. Umm Suhail za ta ce ba a nuna damuwarta. Kowa a ƙasar nan yana ganin an gutsure nasa, kuma sau da yawa da gaskiyarsa. Ɗanku ya rubuta wa tashar farko cikin natsuwa, ya nemi a gyara kuma a ba ku cikakken faifan. Ihun ya ajiye shi, ba shi ne zai sayi burodi a unguwar gobe ba.

Sai dai mijinki ma yana da nasa. Ya karrama baƙuwar yini guda da amsar da take so, maƙwabcin shekaru ya biya. Magana zarar bunu ce. Kada ya je yana cewa an yanke, an yanke. Ya fara da cewa ya yi kuskure, bayani ya biyo baya.

Yanzu batun kwano. Ke kin fi ni sanin matanmu. Macen da ta yanke zumunci wanke kwano take ta aiko da shi wayam tun washegari. Umm Suhail ba ta yi haka ba. Ranta bai yi sanyin da za ta cika shi ba, amma hannunta ya ƙi mayar da shi ba komai. Ina jin yana nan inda take ganinsa kullum, kuma abin yana cinta kamar yadda yake cinki.

Kada ku jira Kirsimeti ku ga ko zai ƙwanƙwasa. Zumunci a ƙafa yake, kuma bana ku ne da tafiya. Gobe da la'asar Abu Bishara ya sa rigarsa ta coci, ya ɗauki allon dara, ku tsallaka titi tare a fili kowa na gani, tunda a gaban kowa aka nuna ƙofar. In an kawo gahawa ya ajiye kofin a gabansa kamar yadda iyayenmu ke yi, ya ce ba zai sha ba sai ɗan'uwansa ya yafe masa. Ban yi miki alkawarin za a yafe a ranar ba. Amma ban san Bafalasɗinen da zai bar gahawa ta huce a gaban tsohon da ya taɓa goyawa ba.

Ke kuma ki shige kicin wurin Umm Suhail. In kin hango kwanon, ki kau da kai, kada ki tambaya. Ki bar mata shi har ranar da za ta kawo shi da kanta, a cike.

Allah ya ƙara wa Abu Bishara lafiya, ya sa ku yi Kirsimeti da ƙarar dara a ƙofar shago.

Widad