Ƙugiyar da Ka Ce Ba Komai Ba Ce

Filinge, goman ƙarshe na Azumi.

Zuwa ga yayan Fati, a Kotonu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya ba ka lafiya kai da iyalinka, ya karɓi azuminmu baki ɗaya. Nan gida, babanka ya samu sauƙin tarin nan, amma ƙafar hagu har yanzu ba ta kai shi masallacin Juma'a, sai na ƙofar gida. Fati lafiya lau take, jaririnta ya fara haƙora yana hana kowa sakat. Gwaggonka ta Bonkuku ta yi zazzaɓi ta tashi. Kawunka na Tabla idon ne dai, sai addu'a. Ni kuwa jikina lafiya, raina ne ba lafiya, kuma kai ne sanadi. Na zaɓi in rubuta maimakon in kira, don a waya kana tare ni da to Inna, to Inna, tun ban kai inda za ni ba.

Ka san tun da sojoji suka karɓi mulki furojen nan, shirin da ke koya mana karatu, ya naɗe tabarmarsa, Malama Haske ta koma Yamai, littattafan da ake kawo mana suka tsaya. Matan unguwa suka ce in riƙe ajin, tunda na fi kowa daɗewa a ciki. Ban so ba, don na san iyakata, sai da na yi furfura hannuna ya san alli. Kai ka ce in karɓa. Ka aiko da tsohon ordinatarka, wato kwamfutarka, ta hannun Ibrah direba, da littafin karatun a cikinsa, ka ce akwai wani abu mai suna lektar da ke buɗe littafin, kuma kyauta ne, babu wanda zai tambaye ni komai. Gaskiya ya yi aiki. Nakan kife turmi a zauren Magagi mai unguwa in ɗora shi, in duba, in kwafe a babban allo, mata su bi ni. Ban taɓa gaya maka ba, amma na ji daɗin ranakun nan ƙwarai.

Ana gab da Azumi wani ɗan akwatin rubutu ya fara fitowa a tsakiyar littafin da Faransanci. In na kore shi, gobe ya dawo. Fati ta ce mizajur yake nema, wai sabunta shi za a yi. Ban taɓa ba sai da na kira ka. Na ce maka abin da ke aiki lafiya me za a sabunta masa, kuma kuran ɗin garin nan, wutar lantarki ke nan, zuwa yake yana komawa yadda ya ga dama, batirin ordinatar kuwa ka san ya mutu tun yana hannunka. Ka yi dariya, ka ce Fati ta haɗa shi da wayarta ta danna kawai. Ta danna. Wani zare mai launin shuɗi ya fara tafiya, bai kai tsakiya ba aka ɗauke wuta. Da ta dawo, littafin ya ƙi buɗuwa, tsohon lektar ya tafi, sabon bai iso ba. Na kira ka, ka ce kana bakin aiki a tashar jiragen ruwa, za ka kira. Ba ka kira ba.

Na naɗe shi a zane na kai wa Lawali mai sibar, shagon ordinatar na bakin kasuwa. Mutumin kirki ne, ya share gurgun lektar ɗin da ya rage, ya sauko da sabo, ya kuma gargaɗe ni kada in taɓa waɗanda ke ƙyalli suna cewa a danna nan, wai ƙwayar cuta suke shigo da ita. Littafi ya buɗe, na yi hamdala. Da na sunkuya in karanta sai na ga duk inda ƙ take, ko ɗ, ko ɓ, ko ƴ, babu su, sai wani ɗan akwati fanko kamar tagar da aka cire wa ƙyaure. Baƙaƙe huɗu, dukansu akwati iri ɗaya. Na tambayi Lawali, yana ta fama da wani mai ɗaukar hoton takardu, ya waiwayo ya ce ai matsalar polis ce, sai an samo polis.

Ka san halin da ake ciki, ka san yadda ake tare mutane a hanyar Yamai ana duba wayoyi. Ni da na ji polis sai na zaci ƴan sanda yake nufi. Na ɗauka abin kyautan nan da ka sa mini na sata ne, an gano, za a zo har gida a tambayi wanda ya aiko shi daga Kotonu, alhali iyaka a rufe take. Na sunkuci ordinatar na dawo gida, na tura shi cikin rumbu ƙarƙashin damman hatsi. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in leƙa in ga ko su ne. Ba kaina nake ji ba, kai nake ji, in ka tashi dawowa a riƙe ka a Gaya, bakin iyaka. Babanka ya ga na rame ya ɗauka azumi ne. Sai da Lawali ya zo yi wa Magagi barka da shan ruwa ya tambaye ni ina na gudu, sannan ya gane, ya yi dariya har ya riƙe bango. Wai polis a bakin masu ordinatar sunan zubin baƙaƙe ne, ba mai hula da kulki ba. Yanzu unguwa duka ta sani. In na wuce rijiya sai a tambaye ni ko an ba da belin hatsina. Da ka kira ni yadda ka ce, da jimla ɗaya ta raba ni da wannan.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Lawali ya ce ya same ka a waya, ya yi maka bayani cewa lokacin da ka haɗa littafin ba ka ɗinke baƙaƙen a cikinsa ba, aro yake daga tsohon zubi, shi kuwa ya bi tsohon lektar. Ya ce ka amsa masa cewa ba sai an wahala ba, ya kwafe rubutun ya sa k da d da b da y a wurin akwatunan, wai ƙugiya ba komai ba ce, kowa yana ganewa, ku ma haka kuke rubutu a waya. Ya yi yadda ka ce. Na kira Delu, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, in gwada da ita kafin sauran su gani. Layin da ya ce baƙi sun zo gidan Muna, ta karanta baki sun zo, ta ɗago ta tambaye ni bakin wa ke yawo ba mai shi. Inda aka ce a ƙara ruwa, ta ce a kara ruwa, ta tsaya tana neman karan. Sannan ta ajiye alli ta faɗi abin da har yanzu yake cina. Ta ce in na'urar da ta san komai ba ta lanƙwasa baƙi, don me na sa su goge allo har hannunsu ya yi fari a kan ƙugiya, ko dai ni ce ban iya ba na ƙirƙiro musu wahala. Ba ta faɗa da mugunta ba, amma za ta faɗa wa sauran.

Za ka ce in mayar da ƙugiyoyin da hannuna a allo. Na gwada. Wasu na sani, wasu in na tsaya a kansu sai in rasa, don yadda muke faɗa nan ƙasar Kurfai ba kullum yake daidai da na littafi ba, ni kuma littafin ne sandata. In na yi kure a gabansu sau ɗaya bayan maganar Delu, shi ke nan. Matan nan da ƙyar suka samu izinin mazajensu, kuma izinin na rani ne. Ruwan farko na sauka kowa za ta bi shuka, wadda ta tafi tana ganin malamarta ba ta san abin da take yi ba, ba za ta dawo da kaka ba.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba game da ƙugiyar nan. Kai ne na fari, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa nuna ka a gaban mutane in ce ga nawa ba, haka aka rene mu. Ranar da Malama Haske ta koya mana ɗ, ta ce kowa ta kawo kalma. Wata ta ce ɗaki, wata ta ce ɗinki. Ni kuwa na juya allona na rubuta baƙaƙe biyu inda ba mai gani, na daɗe ina kallonsu kafin in goge. Abin da bakina ya kasa tun ranar da aka haife ka, hannuna ya faɗa. In ka cire ƙugiyar, ɗa ya koma da, wato abin da ya wuce, ko ɗan abin da ake liƙa kalmomi da shi. Wannan ne ka ce wa Lawali ba komai ba ne.

Ga abin da nake so. Lawali ya ce ko ka turo polis ɗin a wayarsa ya sa, ko ka sake haɗa littafin da baƙaƙen a ɗinke ciki yadda kowane lektar zai nuna su, ya ce na biyun ya fi, kuma ba zai ci maka yini ba. Ka kuma gaya masa yadda za a hana akwatin mizajur sake fitowa, don in na ƙara ganinsa, rumbu zai koma.

Ka gaida matarka Albarka, ka ce na gode da zanen. Ka shafa mini kan Hamidu da ƙanwarsa. Babanka, Fati, Magagi da Ibrah suna gaishe ka. Lawali ma ya ce in gaishe ka, yana dariya, ban san ta mece ce ba.

Aji zai koma ranar Litinin da ke bin kasuwar Lahadi ta biyu bayan Sallah. Ina son amsarka kafin wannan Lahadin, a rubuce, ba a waya ba, kuma in ga ƙugiya a duk inda take. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka duba da kyau yadda na rubuta ta.

Ni ce,
Habsatu, uwar Fati.