Lakilen Mota Na Wurin Mai Faci

Baban Aziza,

Na tafi lakol kafin a rufe ƙofar makarantar, na bar ka kana sharar barci. Kokonka na nan a rufe.

Kada ka birkice mini ɗaki neman lakilen kat-kat, makullin motar taka ba ya nan. Na ba maƙwabcinmu Malam Rabo mai faci.

Jiya da bakinka ka ba ni labari, kana ta cika baki, yadda ka rage iskar tayoyi ka ratsa rairayin hanyar ruga ba ka kafe ba. Madalla. To, da safe na duba, har yanzu sun baje a ƙasa kamar tuwon da ya yi ruwa. Ga shi yau kwalta za ka hau har Maraɗi cikin wannan rana, da Inna a gaba za ta ganin likitan ido. Rairayi ne ke son taya mai laushi, kwalta kuwa dafa ta take yi har ta fashe. Ko ka manta bara, da ka dawo gida a bayan motar awaki?

Na sani, za ka ce ka shure su ka ji lafiya lau. Ƙafarka ba ma'auni ba ce. Tiyon Rabo na isa har inda motar take. Sai ya cika huɗun ya auna zai ba ka lakile, ko ka rantse.

Yi haƙuri da karambanina. In faɗa za ka yi, adana shi sai yamma. Ni dai so nake ka dawo da ƙafafunka ka yi mini shi.

Haula