Ganyen Ayaba a Bangon Coci

Yaya Pushpam,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ki shafa min kan yara.

Ni lafiya lau, kada Inna ta damu. Sanyin duwatsun arewa ne kawai ke fasa min yatsu, sai kuma gurasa safe da yamma. Mutanen gidan addu'ar nan kirki gare su, tare muke ci, tare muke wanke-wanke. Amma kowa gwanin zane ne!

Na zana Jibin Ubangiji, cin abincinsa na ƙarshe kafin mutuwarsa, a bangon coci, Yesu da manzanni zaune a ƙasa, shinkafa a ganyen ayaba, yadda muke ci a gida. Manzanni sun naɗe ganyensu zuwa jikinsu, kamar wanda ya ƙoshi a gidan biki. Na Yesu kaɗai na naɗe waje, yadda muke yi a gidan makoki.

Fada Tirkey, shugaban gidan, ya duba ya ce, "Ɗana, ka yi kuskure, ganye ɗaya ya juya baya. Gyara." Mai dafa abinci ma cewa ta yi, "Malam mai fenti, faranti ya ƙare ne a garinku?" Na buɗe baki zan yi bayani, sai ƙararrawar shiru ta kaɗa. Dokar gidan ke nan, kwana uku ba magana!

Ban gyara ba, ba kuma zan gyara ba. Da hannuna na naɗe ganye haka ranar da muka binne Baba. Ke da kallo ɗaya za ki gane, amma kina can.

Ki aiko min da yajin tsamiya. Ubangiji ya tsare ku.

Ƙaninki,
Arulappan